Mabel da Gadar Nukkai

Duk wanda ya zauna a Nukkai ya san shagon Mabel, ko da bai san sunanta ba. Ɗaki ɗaya ne a jikin gidansu, yana kallon titi, keken ɗinki na ƙafa a bakin ƙofa inda haske ya fi. Ita ke ɗinka wa matan zumuntar coci ankonsu, ita ke ɗinka wa 'yan firamare kayan makaranta, kuma ko wando ne ya yage aka kawo mata, ba ta raina aikin. An haife ta a wani ƙauye bayan Zing. Ta zo Jalingo tana yarinya, wurin ƙanwar mahaifiyarta, da niyyar yin sakandare. Ta yi aji uku karatun ya tsaya, aka kai ta koyon ɗinki. Hausar da take yi, a kasuwa da coci ta koye ta. In abu ya kai mata wuya, yaren Mumuye take komawa.

Ta auri Nehemiya, direban tifa mai ɗibar yashi daga kogin da ke tsakanin gidansu da cikin gari. Suka haifi biyu, Isaac da ƙanwarsa Jennifer. Tun daga haihuwar fari sunanta ya ɓace a unguwa, kowa Maman Isaac yake ce mata.

Isaac yana da shekara tara ya rasu. Da rani masu ɗibar yashi sukan haƙa ramuka a tsakiyar kogin, wasu zurfinsu ya wuce tsayin mutum. Idan damina ta sauka ruwa ya rufe su, daga sama ba ka bambance inda yake iya gwiwa da inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Wata Asabar da rana yaran unguwa suka tafi wanka. A lokacin Mabel tana dawowa daga babbar kasuwa cikin Keke Napep, da ƙunshin yadi a cinyarta. Suka tarar da mutane sun cika gada, sun jingina da ƙarfe suna kallon ƙasa. Mai keke ya tsaya, fasinjoji suka sauka, ita ma ta sauka tunda kowa ya sauka. Ta leƙa. Samari biyu suna fitowa daga ruwa ɗauke da yaro, kansa yana lilo. Ba ta ga fuskar ba. Gajeren wandon ta gani, wanda ta ɗinka da hannunta da ragowar yadin zumunta.

Aka yi jana'iza. Matan zumunta suka tare a gidan, su ne girki, su ne wanke-wanke, su ne waƙa, ba su bar ta ta ɗaga ko cokali ba. Nehemiya bai sake sauka cikin kogin ba. Ya mayar wa mai tifa makullinsa, ya nemi babbar mota mai kai doya kudu, ya koma sai a yi makonni ba a gan shi ba. Ba wanda ya taɓa cewa tifarsa ce ta kwashe yashin ramin da ya ci yaron, shi ma bai tambaya ba. Yayarsa Caroline, wadda mijinta ya rasu 'ya'yanta suka girma, ta ɗauki Jennifer ta tafi da ita gidanta a unguwar Barade, hayin gada. Ta ce har uwar ta dawo hayyacinta. Jennifer tana da shekara shida a lokacin.

Bayan an watse, zare ya ƙare wa Mabel, ta tari keke za ta kasuwa. Lafiya lau suka taso. Suna karya kwanar da ake hango gadar, zuciyarta ta fara dukan ƙirjinta kamar za ta ɓalle. Iska ta ƙi shiga. Yatsunta suka mutu, harshenta ya bushe, gefen idanunta ya fara duhu. Ta tabbata mutuwa ce ta zo. Ta damƙi wuyan rigar mai keke har ya kusa afkawa kwata, ta fito da rarrafe, ta zauna a gefen titi tana haki. A wani ƙaramin asibiti na unguwa aka auna jininta, aka yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikacin ya ce, "Lafiyarki ƙalau, Madam. Tunani ne. Ki rage tunani."

Ta sake gwadawa, abin ya sake zuwa a daidai kwanar nan. Daga nan ta daina. Zare da zif da maɓalli sai aike. Yadi kuwa mai kaya ya kawo da kansa. Duniyarta ta koma shago da coci da famfon unguwa. Caroline takan kira a waya ta ba Jennifer, yarinyar ta ce, "Mama, yaushe za ki zo ki ɗauke ni?" Mabel ta ce kwanan nan.

Elvis mai kemis ne ya ba ta ƙananan ƙwayoyi ruwan ɗorawa, ba takardar likita, ba tambaya.

"Madam, ki sha ɗaya kafin ki fita," in ji shi. "Ko jirgin sama kika hau, ba za ki san kin hau ba."

Ta sha biyu don kada ɗaya ya gaza. Gaskiyarsa. Ta ga gadar ta taho, ta ga ƙarafunan suna wucewa, kamar a talabijin, kamar ba ita ce a cikin keken ba. Ta isa Barade. Jennifer ta rugo ta rungume ta, ta ja ta ɗaki, ta ɗauko littattafanta tana nuna mata inda malama ta yi mata alamar yabo. Abin da Mabel ta tuna ke nan. Da ta farka rana ta karkata, tana kan kujera, wuyanta a karye, gaban rigarta a jiƙe. Caroline tana zaune tana kallonta. An tura yarinyar maƙwabta.

"Matarmu, me kika sha?"

"Magani ne, Yaya. Na tsoro."

"Na tsoro ko na barci? Yarinya tana miki magana, yawu yana zuba a rigarki. Ta zo ta ce min Mama ta mutu."

Mabel ta sunkuyar da kai.

"Ba riƙe miki 'ya nake so in yi ba," in ji Caroline. "Na raini nawa, bayana ya gaji. Amma ƙanena ya binne ɗaya. Ba zan sa ɗayar a keke tare da ke kina gyangyaɗi ba. Ranar da kika zo min idonki a buɗe, ba komai a cikinki sai abinci, ki ɗauki 'yarki. Ni da kaina zan ɗaure mata kaya."

Mabel ta koma gida ita kaɗai, da sauran maganin a jikinta. Ƙwayar tana hayar da ita gada amma ba ta ba ta 'yarta, in kuma ba ƙwayar ba ta hayewa. Ta ci gaba da sha duk da haka, ko ba za ta ko'ina ba, don tsoron ya fara bin ta har gida. Hadari in ya haɗo, ƙirjinta ya ɗaure. Ƙarar tifa a titi takan sa ta saki almakashi.

A layinsu akwai Aisatu, Bafulatana, ma'aikaciyar jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a cikin gari. Mabel ce telarta tun da daɗewa. Tun bayan rasuwar, mutane suke in-ina wajen kiran Mabel, wasu su fara "Maman Ai…" su haɗiye, wasu su koma Madam. Aisatu kam ba ta canja ba. Ta zo karɓar ɗinki wata yamma, ta ɗaga rigar a haske, ta bi layin da ido.

"Maman Isaac, wannan layin ina za shi? Wukari?"

"Kawo in warware, Sista."

"Bar shi tukuna. Kalle ni." Ta duba idanunta. "Nawa kike sha a yini?"

Mabel ba ta yi musu ba. Ta gaya mata duka, tun daga kwanar nan har kujerar Caroline. Aisatu ta zauna kan bencin masu jira, ta cire takalmi.

"Abin nan muna ganin masu shi kullum," ta ce. "Zuciyarki ba tsayawa za ta yi ba, ko da ta yi kamar za ta tsaya. Jiki ne ya koyi tsoron wuri. Babana, in saniya ta taɓa zamewa a mashaya ta ƙi komawa, ba ya jan ta da igiya. Yakan kai ta inda take hango ruwan, ya tsaya da ita har ta fara kiwo, ya juyo da ita. Gobe su ƙara matsawa."

"Ni ce saniyar ke nan."

"Ina fa. Saniya ta fi ki jin magana."

Ta bayyana mata yadda za a yi. Kullum da safe, kafin ta sha komai, ta fita ta nufi gada. Ta tsaya inda tsoron ya fara taɓa ta, ba inda ya fi ƙarfinta ba. In ta tsaya kada ta gudu. Abin zai hau, ya kai iyakarsa, ya sauka da kansa, sai ya sauka sannan ta juya. "Ke ce mai cewa nan zan tsaya, ke ce mai cewa ya isa. In wani ne ya ce miki, bai yi ba." Ƙwayoyin Elvis kuwa, ta ce kada ta yanke su lokaci ɗaya, yin haka yana da nasa haɗarin. A hankali za a rage. "Akwai wani maganin, na likita, kullum ake sha, ba ya sa maye. Yana taimakon mutane da yawa. Amma sai ya gan ki da idonsa."

"Ina likitan yake?"

"Hayin gada."

Mabel ta yi dariya, irin wadda ba ta yi ba tun kafin damina. Ta ce a bar likitan tukuna, za ta fara da ƙafarta.

Wurin tsayawarta na farko gindin wani mangwaro ne, inda ake hango kan ƙarafunan gadar daga nesa. Ta riƙe bishiyar, gumi yana bin bayanta, zuciyarta tana duka. Ta ce yau kam ƙarya Sista ta yi. Can sai ta ji numfashinta ya fara shiga har ƙasa, ta ji kukan kaji a gidan da ke bayanta, ta ga yatsunta suna motsi. Ta koma gida. Ta yi kwanaki tana tsayawa a mangwaron nan kafin ta matsa zuwa rumfar mai faci. Mai facin ya saba da ita har yakan tura mata tsohuwar taya ta zauna, ba ya tambayar komai. Daga can sai bakin gadar, ta ɗora hannu a ƙarfen farko. Wata rana ta ci gaba, wata rana ta koma baya. Kafin kaka ta wuce tana shiga cikin gadar har inda ake fara ganin ruwa a ƙasa. Wurin da ta tsaya ran Asabar ɗin nan yana can tsakiya. Tana hango shi, ba ta kai ba. Ƙwayar ta koma rabi, da yamma kawai.

Amma mace ba ta tsayawa ita kaɗai a kan gada kullum da safe, riƙe da ƙarfe, tana kallon ruwan da ya ci ɗanta, a ce ba a gani ba. Magana ta zaga. Wasu suka ce kanta ya taɓu, wasu suka ce wata rana faɗawa za ta yi. Maganar ta kai kunnen Mama Rachael, shugabar zumunta, dattijuwar da ta riƙe Mabel a bakin kabari.

A cocinsu akwai abin da matan suka saba. In 'yar'uwa ta daɗe a kwance, ko rashi ya zaunar da ita, ranar da za ta fara fita ba a barin ta ta fita ita kaɗai. Sukan sa anko, su zo ƙofarta da tulun kiɗa da ƙuge, su sa ta a tsakiya, su raka ta da waƙa har inda za ta. Abin kunya ne a wurinsu a ce zumunta tana raye, wata tana fama a titi ba kowa a gefenta. Mabel kanta ta yi wa mata da yawa wannan rakiyar. Mama Rachael ta kira Caroline a waya suka shirya: ranar Lahadi bayan sujada a coci za a hayar da Mabel, Caroline ta kawo Jennifer ɗaya bakin gadar, uwa ta tarar da 'yarta. Ba su gaya wa Mabel ba, don abin ya zo mata da daɗi. Aisatu tana wurin aiki a ranar.

Mabel ta ji tulun tun daga nesa. Ta fito ta ga layin ya cika da ankon da ita ta ɗinka.

"Maman Isaac, ka tashi," in ji Mama Rachael, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji. "Yau za ka haye. Yarinyarka yana can yana jira."

"Mama, ban kai ba tukuna. Sista ta ce kaɗan-kaɗan."

"Kaɗan-kaɗan kai kaɗai, kamar maraya? Mu mun mutu ne? Sista yana da allura, mu muna da Yesu. Ɗaura ɗankwali."

Matan suka yi dariya, wata ta ɗauko mata zanenta. Waɗannan su ne suka wanke tukwanen jana'izar ɗanta. Ba a cewa a'a ga matan da suka zo ƙofarka da anko. Kuma an ce Jennifer tana can. Ta ɗaura ɗankwalin.

Suka sa ta a tsakiya, Mama Rachael ta saƙala hannu a damanta, wata a hagunta. Suka wuce mangwaro, suka wuce mai faci, wanda ya miƙe tsaye yana kallo da guduma a hannu. Har bakin gada ba laifi, waƙar ma tana ɗauke mata hankali. Da suka kai inda ta saba tsayawa, ƙafarta ta tsaya da kanta. Na baya suka turo, na gefe suka ja. Ta ce, "Ku dakata." Tulun ya haɗiye maganar. Ta sake faɗa da ƙarfi. Mama Rachael ta ji, ta juya ta ce wa matan magabci Shaiɗan ne yake ja, a ƙara murya. Aka ƙara.

Da wucewa kawai suka yi da ita, wataƙila da ta kai. Amma sun riga sun shirya za su yi addu'a a kan ruwan. A tsakiyar gada suka tsaya, a daidai wurin, suka juyar da ita ta fuskanci ƙarfen, suka kewaye ta, hannaye suka sauka a kanta da kafaɗunta da bayanta. Ba gaba, ba baya, ba iska. Ta ga ruwan a ƙasa.

Abin da ya biyo baya, daga bakin mutane ta ji shi. An ce ta yi ta ihu da yaren Mumuye tana kiran Isaac. An ce ta yaga gaban rigarta tana neman numfashi, ta ciji hannun Mama Rachael har jini, ta faɗi tana shure-shure a kan kwalta, motoci suka tsaya. Abu ɗaya ta gani da idonta. Ta tsakanin ƙafafun matan ta hango Jennifer, da rigar coci da farin safa, ta ƙwace daga hannun Caroline ta rugo, ta zo kusa, ta tsaya cak. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta kalli uwarta a ƙasa, ta fara ja da baya, har Caroline ta iso ta rufe mata fuska da zane.

A bayan wata mota aka mayar da Mabel gida.

Bayan wannan ko ƙofar shago ba ta iya tsayawa. Ta rufe, ta koma ɗaki, ta aika wa Elvis. Abin da ta rage a watanni ta mayar a mako guda, har ta wuce. Aisatu ta zo ta same ta kwance da rana tsaka. Ta tsaya a ƙofa ta yi magana mai tsawo da Fulatanci, wadda Mabel ba ta ji ba kuma ba ta nemi fassara ba. Sannan ta zauna a bakin gado.

"Ba ke kika faɗi ba," ta ce. "Kayar da ke aka yi."

"Ta gan ni, Sista."

"Ta gan ki."

Mama Rachael ma ta zo, hannunta a naɗe da bandeji, da doya a kanta. Ta sauke, ta zauna a ƙasa. Da za ta tafi ta ce, "Mun ɗauka taimako ne." Mabel ta ce ta sani. Nehemiya ya dawo daga tafiya ya ji labari a tasha tun kafin ya iso gida. Ya kwana biyu, ya gyara ƙyauren bayi da ya karye, ya koma.

Wannan karon Aisatu ba ta bar maganar likita ba. Ta samo mota, ta kwantar da Mabel a kujerar baya, ta bar ta ta sha ƙwayarta, ta riƙe mata kai har suka haye. Likitan ya saurare ta, ya ɗora ta a kan maganin kullum, ya tsara yadda za a janye na Elvis. Maganin bai yi mata daɗi ba da farko. Tashin zuciya, bushewar baki, ga tsoron yana nan inda yake. Ta ce wa Aisatu wannan alli ne aka ba ta. Sai da aka yi makonni kafin ta lura hadari ya haɗo ya zubar tana zaune tana cin abinci. Janye ƙwayar ya fi komai wuya. Ko zare ba ta iya zurawa a allura.

Ta sake farawa, ba daga mangwaro ba, daga ƙofar shagonta. Matan zumunta in sun gan ta a hanya sukan gaishe ta su wuce da sauri, Mama Rachael ta hana kowa tsayawa. A waya kuwa Jennifer ta daina tambayar yaushe. Takan ce ina kwana, ta ce lafiya, ta miƙa wa Caroline.

Wata damina ta zo ta wuce. Sai cikin zafin bazara, kogin ya koma yashi da ɗan siririn ruwa a gefe, tifofi suna ƙasa ana loda musu, Mabel ta haye. Da ƙafa, ita kaɗai, da leda a hannu. Tsoron bai bar ta ba. A tsakiya ya taso mata kamar kullum, ta riƙe ƙarfe, ta tsaya har ya sauka, ta ci gaba. A ɗaya bakin ta zauna kan wani dutse ta huta, sannan ta tari keke zuwa Barade.

Caroline tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ta ɗago, ta dube ta tun daga ƙafa har ido.

"Matarmu. Da me kika zo?"

"Da ƙafata, Yaya. Na sha na likita da safe, wanda na gaya miki. Ban da shi sai kunu."

Caroline ta ajiye faranti. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta shiga ɗaki, Mabel tana jin ta tana jan akwati, tana buɗe durowa. Ta ƙwala wa Jennifer kira daga maƙwabta.

Yarinyar ta shigo. Ta yi tsawo, an yi mata kitson da Mabel ba ta san hannun ba. Ta durƙusa ta gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa. Mabel ta buɗe ledar ta fito da rigar da ta ɗinka mata da ƙiyasi. Ta kara a jikinta, rigar ba ta kai gwiwa ba, kafaɗun ma sun yi kaɗan.

"Ba komai, zan sake wata," in ji Mabel.

Caroline ta fito da jaka ta ajiye. "Ga kayanki. Mamanki ta zo ɗaukarki."

Jennifer ta kalli jakar. "Ta gada za mu bi?"

"Ba wata hanya ai," in ji Caroline.

"A keke za mu wuce," in ji Mabel. "Ba za mu tsaya ba."

Yarinyar ta matsa baya har ta jingina da bango. Mabel ta ga ƙirjinta yana hawa da sauka da sauri, ta ga ta dunƙule hannaye.

"In kika faɗi fa?" in ji Jennifer. "Ni kaɗai ce."

"Ke, wace irin magana ce wannan?" Caroline ta ɗaga murya. "Kin san abin da matar nan ta sha kafin ta zo nan? Ɗauki jakarki."

"Yaya, bar ta."

"In bar ta? Ni na yi alkawari."

"Kin cika. Bar ta."

Mabel ta naɗe rigar ta mayar a leda. Ta laluba ƙasan ledar ta ciro tef ɗin awo, ta ce wa yarinyar ta zo ta tsaya. Jennifer ta kalli Caroline tukuna, sannan ta matso. Ta tsaya ƙiƙam, idonta a bango, uwarta ta auna kafaɗa, ta auna ƙirji, ta durƙusa ta auna tsawo. Caroline ta ɗauki jakar ta mayar ɗaki. Ta zubo wa Mabel abinci, ta ci kaɗan. Da rana ta yi sanyi ta yi sallama, Caroline ta raka ta bakin titi ta tsaya har ta sami keke.

Jennifer tana Barade har yanzu, tana aji huɗu. Mabel ta buɗe shago, tana shan maganinta, tana zuwa ganin likita in lokacinta ya yi. Ranar Asabar takan rufe da wuri ta nufi gada da leda a hannu. Yawanci tana hayewa. Wata Asabar ɗin, musamman in ruwa ya cika, takan kai bakin ƙarfe ta daɗe a tsaye, sannan ta kira Caroline ta ce a gaya wa yarinyar yau ba ta samu zuwa ba.